Tafiyar ƙafa a bakin kanal ɗin Landan: ruwa ne ke kawo sanyin ko inuwa?

A ranar 19 ga watan Yulin 2022 ma'aunin zafi a filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan ya nuna digiri 40.2. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai ce wannan ai ba labari ba ne a watan Afrilu. Amma a Birtaniya, tun da aka fara ajiye lissafin yanayi, ba a taɓa kaiwa digiri 40 ba sai a wannan rana. Gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi lokacin hunturu, kuma mafi yawansu babu na'urar sanyaya ɗaki. Hukumar kula da lafiyar jama'a ta ƙasar ta ƙiyasta cewa ranakun zafi na wannan shekara sun yi sanadin mutuwar kusan mutum 3,000 a Ingila, akasarinsu tsofaffi.

Idan irin wannan zafi ya sauka, mutanen birnin kan nufi wurare biyu: lambunan shaƙatawa da bakin ruwa. Akwai wata hanyar ƙafa a arewacin Landan da ta haɗa duka biyun, wato hanyar da ke bin gefen Regent's Canal. Kusan duk wanda ya bi ta zai gaya maka ta fi titi sanyi, kuma zai ce ruwan ne ya jawo hakan. Sanyin kam gaskiya ne. Sai dai awon da masu bincike suka yi ya nuna cewa rabon ruwan a cikinsa ɗan kaɗan ne. A wannan rubutu za mu bi hanyar daga farko zuwa ƙarshe, sannan mu duba ainihin abin da ke faruwa da iska da jikin mai tafiya.

Hanyar kanta

Kalmar kanal ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san noman rani a Kura da Kadawa: hanyar ruwa ce da mutum ya haƙa da hannunsa. Bambancin shi ne, na Landan an haƙa shi ne don jiragen dakon kaya. An buɗe kashin farko a 1816, aka kammala sauran a 1820, ƙarƙashin injiniya James Morgan, tare da John Nash, wanda ya tsara Regent's Park. Tsawonsa ya kusa kilomita 14. Ya taso daga wani wuri da ake kira Little Venice kusa da Paddington a yamma, ya zagaya ta arewacin tsakiyar birnin, ya gangara zuwa Limehouse a gabas, inda ya haɗu da kogin Thames. Mai tafiya a natse zai cinye shi cikin awa uku zuwa uku da rabi.

Daga Little Venice ba ka yi nisa ba sai ruwan ya shige wani rami da aka haƙa ƙarƙashin tudun Maida Hill, mai tsawon kusan mita 250. Babu hanyar ƙafa a ciki, dole ka hau titi ka sauko ta ɗaya ɓangaren. Daga nan kanal ɗin ya bi gefen arewa na Regent's Park, lambu mai faɗin hekta 166. Babban Masallacin Landan, wanda aka kammala a 1977, yana nan a bakin lambun, 'yar tafiya kaɗan daga ruwan. Gaba kaɗan ruwan ya ratsa ta gidan zoo na Landan da aka buɗe a 1828. Idan ka ratse hagu ka hau tudun Primrose Hill, mai tsayin mita 63 daga doron teku, za ka hango tsakiyar birnin gaba ɗaya.

Kafin gidan zoo akwai gadar Macclesfield. A ranar 2 ga Oktoban 1874 wani jirgi ɗauke da albarushi ya fashe a ƙarƙashinta, ma'aikatansa suka mutu, gadar ta ruguje. Da aka zo sake gini sai aka yi amfani da tsofaffin ginshiƙan ƙarfen, amma aka juya su. Shi ya sa yau za ka ga zanen da igiyoyin jan jirgi suka ci a jikin ƙarfen ta ɓangarori biyu.

Bayan kamar kilomita 4 sai ka iso Camden da kasuwarta mai cunkoso. Daga nan sai King's Cross, inda aka mayar da tsohon filin sauke gawayin kwal ya zama ƙaramin gandun tsirrai da tsuntsaye mai suna Camley Street. Sai wani ramin kuma a Islington, mai tsawon kusan mita 880, shi ma babu hanyar ƙafa, sai ka bi ta cikin unguwa. Bayan ka sake saukowa bakin ruwa, hanyar ta ratsa Hackney, ta wuce gefen Victoria Park da aka buɗe a 1845, ta bi Mile End Park, ta ƙare a Limehouse.

Me ya sa babu hawa da gangara sosai?

Abu na farko da ƙafa ke lura da shi shi ne hanyar a shimfiɗe take. Dalilin yana cikin tarihinta. A farkon ƙarni na 19 jiragen kanal ba su da inji, doki ne ke tafiya a gefe yana jan su da igiya. Hanyar da mutane ke bi yau ta dokin ce. Dokin da zai wahala da ton ɗaya ko biyu a amalanke kan hanyar ƙasa yana iya jan kusan ton 30 a kan ruwa, saboda ruwa na ɗauke nauyin kayan, kuma gogayyar da ke tsakanin jirgi da ruwa kaɗan ce muddin ana tafiya a hankali. A cikin ramukan da babu hanyar doki kuwa, matuƙa kan kwanta a kan jirgin su riƙa tokare bango da ƙafa har su fita. A 1826 aka kawo jirgi mai injin tururi yana jan su ta ramin Islington.

Ruwan da ke tsaye kullum samansa a daidaice yake, don haka hanyar da ke gefensa ma dole ta daidaita. To amma ƙasar Landan ai ba a daidaice take ba. Daga Camden zuwa Limehouse ƙasa ta gangara da kimanin mita 26. Maganin da aka yi shi ne matakalar ruwa guda 12, waɗanda Turawa ke kira lok. Kowace ɗaya ɗaki ne dogo mai ƙofa a sama da ƙofa a ƙasa. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe 'yar taga a ƙofar gaba, ruwa ya zurare har ya yi daidai da na ƙasa, sannan a tura ƙofa jirgi ya wuce. Babu famfo, babu inji, nauyin ruwa kawai ke aikin.

Idan ka tsaya a Camden ka duba da kyau, ganyayen ƙofar biyu ba a miƙe suke haɗuwa ba, sun yi tsini suna fuskantar ɓangaren da ruwa ya fi yawa. A zurfin mita ɗaya, ruwa na danna kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kai nauyin kusan ton ɗaya. Wannan dannawa ce ke ƙara matse ganyayen da juna, har ya zama mutum goma ba za su iya buɗe ƙofar ba sai ruwan ɓangarorin biyu ya yi daidai. Dabarar ɗaki mai ƙofa biyu tsohuwa ce, wani injiniya a ƙasar Sin mai suna Qiao Weiyue ya gina irinta tun shekarar 984.

Birni ya fi ƙauye zafi

Yanzu mu koma kan zafi. A Landan ɗin nan ne aka fara gano cewa birni na ƙirƙirar yanayinsa na kansa. Luke Howard, wani mai harhaɗa magunguna da ke sha'awar nazarin yanayi, ya shafe shekaru yana gwada zafi a ciki da wajen birnin. A littafinsa kan yanayin Landan, wanda ya fara fitowa a 1818, ya nuna cewa dare a cikin birni ya fi na karkara ɗumi da kusan digiri 2. Yau masana na kiran wannan abu tsibirin zafi na birni.

Dalilan a fili suke. Kwalta da siminti da bulo na shan hasken rana su ajiye, su riƙa sakin zafin bayan magariba. Duk wanda ya taɓa jingina da bangon siminti da daddare a watan Afrilu ya san wannan. Dogayen gine-gine na tare sararin sama, don haka zafin da bango ɗaya ya saki sai na gabansa ya kama. Ruwan sama kuma na zurarewa cikin kwata nan take, babu damshin da zai saura ya busa ya tafi da zafi. Ga kuma zafin injinan motoci da na'urorin sanyaya ɗaki.

To, ruwan fa?

A lissafin takarda, ruwa ya kamata ya zama gwanin sanyaya wuri. Kafin lita ɗaya ta zama tururi ta bi iska, sai ta sha zafi kimanin kilojul 2,450. Wannan ya ninka kusan sau bakwai zafin da za ka buƙata ka tafasa litar daga sanyin ɗaki. Da wannan dabara gumi ke sanyaya jiki, da ita kuma randa ke sanyaya ruwa: ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bushe, ya tafi da zafin na ciki.

Amma ka tuna, randa ruwan cikinta take sanyayawa. Babu wanda ya taɓa ajiye randa a ɗaki don ta sanyaya ɗakin. Matsalar kanal ke nan. Siriri ne, faɗinsa 'yan mitoci ne, yayin da iskar da ke kansa tana ta motsi tana cakuɗuwa da ta unguwa baki ɗaya. Ɗan sanyin da ya samu a saman ruwan, kafin ya iso fuskar mai tafiya iska ta riga ta gauraya shi. Sannan babban kaso na hasken ranar da ya faɗa cikin ruwan ba ya tafiya wajen busar da shi, ajiye shi ruwan ke yi. Ruwa na buƙatar zafi fiye da sau huɗu na siminti mai nauyi ɗaya kafin ya hau digiri ɗaya, don haka a hankali yake ɗumama, a hankali kuma yake hucewa. Da rana yakan fi iska sanyi. Da tsakar dare a ƙarshen bazara kuwa, sau da yawa ya fi iskar ɗumi, wato a lokacin da mutane suka fi buƙatar sanyi don su yi barci, shi zafi yake saki.

Masu bincike a ƙasar Holan, wadda biranenta ke cike da kanal, sun ɗauki wannan tambaya da muhimmanci. A wani aiki da suka wallafa a 2020 sun yi lissafin tasirin ƙananan ruwayen birni irin su kanal da kududdufi a ranar zafi. Sun samu cewa ragin da suke kawowa a zafin iska bai kai digiri ɗaya ba, ƙanƙantarsa ta kai mutum ba zai ji shi a jiki ba. Abin da ya kawo canji na gaske a lissafinsu shi ne dasa bishiyoyi a bakin ruwan, barin hanya ga iska ta ratsa, da kuma feshin ruwa. Wannan magana ta shafi ƙananan ruwaye ne fa. Teku da babban tafki labarinsu daban ne, domin girmansu ya isa ya tayar da iska mai sanyi ta shiga cikin gari.

Abin da jiki ke ji

Ma'aunin zafi da ake faɗa a rediyo na gwada iska ne a cikin inuwa. Jikin mutum kuwa abu huɗu yake ji a lokaci ɗaya: zafin iska, damshinta, motsinta, da hasken da ke dukansa kai tsaye daga rana da kuma daga ƙasa da bango masu zafi. A rana tsaka, na ƙarshen nan ne ya fi nauyi. Hasken rana a sararin da babu gajimare na iya kusantar wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, kuma kwalta kan haura digiri 50 ta riƙa turo zafi daga ƙasa. Shi ya sa idan ka matsa daga tsakiyar titi zuwa gindin darbejiya za ka ji kamar an canza maka gari, alhali iskar wuraren biyu kusan ɗaya ce.

A nan ne sirrin hanyar Regent's Canal yake. Tsakanin Lisson Grove da gidan zoo, ruwan na tafiya a cikin kwari, ƙasa da titi, ga manyan bishiyoyi sun rufe gefe da gefe. Bishiya na aiki biyu. Tana tare hasken rana kafin ya taɓa ka ko ya taɓa ƙasa. Tana kuma jawo ruwa daga saiwa ta fitar da shi ta ƙananan ƙofofin ganye, kuma idan aka haɗa faɗin ganyayenta ya ninka filin da take tsaye a kai sau da yawa. Saman ruwan kuma ba ya ƙonewa kamar kwalta, don haka ba ya turo maka zafi ta gefe, kuma fili ne da iska ke iya bi ba tare da gini ya tare ta ba. Wannan shi ne ainihin gudummawar ruwan, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma ka bi hanyar har zuwa sassan King's Cross da Hackney inda aka shimfiɗe bakin ruwan da siminti babu bishiya, za ka sha rana yadda ya kamata, ga ruwan nan kusa da ƙafarka.

Lambunan ma an auna su. Wani nazari na 2010 da ya tattara sakamakon bincike daga ƙasashe da dama ya samu cewa a matsakaici lambun birni ya fi kewayensa sanyi da kusan digiri ɗaya da rana. A Landan kanta, awon da aka yi a Kensington Gardens aka wallafa a 2014 ya nuna cewa da daddare ragin ya kai kimanin digiri ɗaya a matsakaici, wasu darare har digiri 4, kuma sanyin kan malala cikin unguwa har mita 400 da ɗoriya. Buɗaɗɗen filin ciyawa ba ya ajiye zafi kamar bulo, kuma babu abin da ya tare shi daga sararin sama, don haka da sauri yake hucewa. Sharaɗin dai shi ne ƙasa ta kasance da damshi. A bazarar 2022 ciyawar lambunan Landan ta bushe ta koma ruwan ƙasa saboda fari, kuma busasshiyar ciyawa ba ta da ruwan da za ta fitar.

Nisa da mota

Akwai fa'ida ta biyu da ba ta shafi zafi ba. A wani gwaji da mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa a ƙarshen 2017, an sa mutum 119 masu shekara 60 zuwa sama su yi tafiyar awa biyu, sau ɗaya a titin Oxford mai cike da bas-bas da tasi masu amfani da dizal, sau ɗaya kuma a Hyde Park. Wasunsu lafiyayyu ne, wasu na da ciwon huhu, wasu ciwon zuciya. Tafiyar lambu ta inganta aikin huhu ta kuma sassauta jijiyoyin jini. Tafiyar titin kuwa, mafi yawan wannan amfani ya ragu ko ya ɓace. Mutanen ɗaya ne, tsawon lokacin ɗaya ne, iskar da suka shaƙa ce ta bambanta.

Hayaƙin mota ya fi kauri a bakin titi, yana raguwa da sauri yayin da ka matsa nesa. Hanyar kanal ta bi ta bayan gidaje da ƙarƙashin gadoji, don haka a mafi yawan tsawonta akwai gini ko gangare tsakaninka da bututun hayaƙi. Su ne kuma ke tare ƙarar motoci. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babba shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wanda ya bi wannan hanya daga farko zuwa ƙarshe ya cike wannan adadi a yini ɗaya, a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya da tsoho ma zai iya takawa.

Babu wanda ya tsara haka tun farko. Jirgin ƙasa da manyan motoci ne suka ƙwace cinikin kanal, har aka yi yunƙurin mayar da shi layin dogo fiye da sau ɗaya a ƙarni na 19, bai yiwu ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 dakon kaya ya kusa ƙarewa, aka fara buɗe hanyar dokin ga jama'a kashi-kashi. A 1979 aka binne manyan wayoyin lantarki a ƙarƙashin wani sashe na hanyar, ana amfani da ruwan kanal wajen sanyaya su. Tun 2012 wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust ce ke kula da shi.

Hanyar na da nata matsaloli. Siririya ce, masu keke da masu ƙafa na gogayya a kanta, musamman safe da yamma. Da bazara wani ƙanƙanin tsiro mai kama da jaririyar kainuwa kan rufe saman ruwan har ya yi kama da filin ciyawa, ya tare haske, ya rage iskar da kifi ke shaƙa. Ruwan ba na wanka ba ne, domin ana iya kamuwa da cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa. Jiragen da mutane ke zaune a ciki kuma na ƙona itace da kwal lokacin hunturu, wanda ke ɓata iskar wurin.

Abin ɗauka

Wannan bambanci tsakanin aikin ruwa da aikin inuwa na da muhimmanci ga duk mai tsara gari da kuɗi ƙalilan. Hoton sabuwar unguwa mai tafki a tsakiya na da kyau a takarda, amma idan burin shi ne rage zafi, kuɗin ya fi amfani a wajen bishiya da ruwan da za a shayar da ita. A garuruwanmu ma lissafin ya fi tsanani. Sauron Landan ba ya yaɗa zazzaɓin cizon sauro, namu na yaɗawa, kuma ruwa mai tafiyar hawainiya gida ne ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ranarmu kuma ta fi tasu tsayawa a tsakiyar kai, wanda ke ƙara wa inuwa daraja.

Abin da ya sa hanyar Regent's Canal ta yi aiki shi ne doguwa ce ba ta yanke ba sai a wurare biyu, mota ba ta shiga, kuma ta haɗa lambu da lambu ta yadda mutum zai je aiki ko kasuwa ta cikinta. Ana iya samun wannan ba tare da haƙa ko mita ɗaya ta ruwa ba: gefen tsohon layin dogo, bakin rafi, ko titin unguwa da aka jera wa bishiyoyi aka hana shi manyan motoci.

Idan Allah ya kai ka Landan a lokacin zafi kuma lokacinka kaɗan ne, ka fara daga Little Venice da safe ka tsaya a Camden, tafiyar awa ɗaya ce. Ka lura da fatar jikinka a daidai inda bishiyoyin Regent's Park suka fara da inda suka ƙare, ruwan yana gefenka a wuraren biyu.